Sabon Dam, Rijiyoyin Burtsatse, ko Gyaran Abin da Ake da Shi: Wanne Ya Fi wa Kano da Fadamar Haɗeja?

Duk lokacin da bazara ta kankama famfunan Kano suka ƙafe, ko manoman Kura da Bunkure suka fara kukan ruwa ba ya isa gonakinsu, ko masuntan Nguru suka ce kifi ya yi ƙaranci, shawarwari uku ne suke sake tasowa. Wasu su ce a gina sabuwar madatsar ruwa, wasu su ce a haƙa rijiyoyin burtsatse ko'ina kowa ya huta, wasu kuma su ce a gyara dam da magudanai da bututun da ake da su, a kuma sake tsarin rabon ruwan. Kuɗin gwamnati ba zai ɗauki ukun a lokaci guda ba, don haka duk wanda yake da baki a maganar, daga ɗan majalisa zuwa shugaban ƙungiyar manoman rani, yana buƙatar sanin abin da kowace hanya za ta bayar da kuma wanda zai biya farashinta.

Ruwan da ake jayayya a kansa tushensa ɗaya ne. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kusa da Tamburawa su zama Kogin Haɗeja, wanda yake ratsa Wudil ya shiga Jigawa, ya bazu a fadamar Haɗeja da Nguru, sannan ya gamu da ruwan Kogin Jama'are kafin Gashuwa, inda suke zama Komadugu Yobe da ke gangarawa Tafkin Chadi. An kammala dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gama karkashe dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel. An tsara shi ya riƙe kusan kubik mita biliyan 2, ko da yake daga baya an rage abin da yake ɗauka saboda kare lafiyar bangonsa. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye ya biyo baya a 1992, yana riƙe fiye da kubik mita miliyan 900. Waɗannan biyun su ne suke juya kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take riƙe da makullinsu.

Kafin a auna hanyoyin nan uku, ya kamata a san wanda yake shan ruwan da gaske, domin a nan ne yawancin masu muhawara suke ɓata lissafi. A ɗauka birnin Kano yana da mutum miliyan 4, a ba kowa lita 100 a rana, wanda a yau mafarki ne ga yawancin unguwanni. Wannan ya zama lita miliyan 400 a rana, wato kimanin kubik mita miliyan 146 a shekara. A ɗaya gefen, hekta guda ta shinkafar rani da ake shayarwa ta hanyar malala tana iya cinye kubik mita 12,000 daga dashe zuwa yanka, wanda shi ne ruwan da zai ishi mutum 1,000 na birni a cikin watanni huɗun da noman yake ɗauka. Aikin noman rani na Kogin Kano, da ya mamaye Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, an tsara zangonsa na farko a kan hekta 22,000, kuma da a ce hekta 15,000 kawai aka zuba wa shinkafa a rani guda, da sun sha kubik mita miliyan 180, fiye da abin da birnin zai sha a shekara cur. Akwai kuma mashayi na uku da ba ya zuwa taro ba ya kai ƙorafi, wato rana da iska. Fuskar tafkin Tiga idan ya cika ta kai murabba'in kilomita 178, kuma a wannan yanki buɗaɗɗen ruwa yana rasa zurfin kusan mita 2 a shekara ta hanyar tashi sama. Ko da an zubar da rabin wannan adadi saboda ruwan saman da ke sauka a tafkin da kuma ja da bayan da yake yi da rani, abin da ya rage ya kai duk ruwan shan birnin.

Abin da wannan lissafi ya nuna shi ne, ƙishirwar Kano ba daga ƙarancin ruwa a Tiga ta samo asali ba, kuma manomin Kadawa ba shi ne ya ƙafar da famfon Kurna ko Rijiyar Lemo ba. Takaddamar da ta fi tsanani tana tsakanin noman rani na saman kogi da mutanen gangare, waɗanda rayuwarsu ta dogara da ambaliyar damina.

Hanya ta farko, wato sabon dam, a wannan yanki tana nufin Kafin Zaki, madatsar da aka daɗe ana son ginawa a ƙaramar hukumar Ningi ta jihar Bauchi, a kan ruwan da ke ciyar da Kogin Jama'are. An fara aikin a zamanin Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da shi a 1992, aka sake soke shi a 1994, kuma tun daga nan maganarsa ba ta mutu ba. An tsara ya riƙe kubik mita biliyan 2.7, ya shayar da hekta 120,000. Hujjar masu goyon bayansa tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Ruwan damina a nan yana zuwa ne cikin watanni huɗu zuwa biyar ya wuce, wanda bai tare shi ba kuwa zai yi sauran shekara yana kallon yashi. Mutumin Bauchi yana ganin yadda Tiga ta mai da Kura cibiyar shinkafa da tumatir da alkama, yadda matasa suke samun aikin yi da rani maimakon tafiya ci-rani, sai ya tambaya me ya sa za a hana shi abin da aka bai wa Kano. Tambaya ce ta adalci, kuma ba a amsa ta da fushi.

Sai dai akwai abubuwa uku da suke rage wa wannan hanya armashi. Na farko, Kafin Zaki ba ya kan kogin da Kano take sha, saboda haka ba zai ƙara wa famfon birnin ko da cokali ɗaya ba. Na biyu, Jama'are shi ne babban kogin da ya rage ba a ɗaure ba a wannan yanki, kuma tun da aka datse Haɗeja, mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa daga gare shi yake fitowa, shi ya sa Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da aikin. Na uku shi ne darasin shekarun fari. Dam yana ajiye ruwan damina ɗaya zuwa rani ɗaya ko biyu, amma idan damina ta gaza shekaru a jere, shi ma sai ya gaza. A 2018 ruwan dam ɗin Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, birnin Sakkwato da manoman rani suka shiga matsi lokaci guda. Aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi, wanda aka tsara a kan hekta 67,000 a yankin Marte, ya tsaya cik bayan tafkin ya ja baya daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa kusan 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, magudanan da aka kashe wa maƙudan kuɗi suka koma ramuka busassu. Ga kuma nauyin kula, wanda ba ya ƙarewa ranar yanke ƙyalle, domin fashewar dam ɗin Bagauda a 1988 da ta Alau a Satumbar 2024, wadda ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri, sun nuna abin da bangon da ba a kula da shi yake iya yi wa mutanen da aka gina shi dominsu.

Abin da ya faru da fadamar Haɗeja da Nguru shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna kowane sabon dam da shi. A shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a damina mai kyau, amma a farin 1984, da dam da rashin ruwan sama suka haɗu, abin da ta rufe bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Wannan ambaliya ita ce jarin mutanen wurin. Manomi yana shuka shinkafa ruwa na tasowa, idan ya janye ya bi danshin da wake da sauran amfanin rani ba tare da inji ba, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawa, makiyayi ya sauko da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, ruwan da ya nutse kuma ya cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogin. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna wannan a farkon shekarun 1990, suka gano cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya malala a fadamar yana samar da amfanin da ya ninka na aikin noman Kogin Kano sau da yawa. Gaskiya ne an yi nazarin a lokacin da aikin Kadawa yake cikin rauni, kuma da za a maimaita shi yau tazarar za ta iya raguwa, amma ya rushe tunanin cewa ruwan da ya wuce Wudil asara ce.

Ɓarnar kuma ba a ƙarancin ruwa kaɗai ta tsaya ba, har da lokacin zuwansa. A da kogin yakan ƙafe da rani, ciyawar da ke cikinsa ta bushe, ambaliyar shekara mai zuwa ta share yashi ta buɗe hanya. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara domin gidan ruwan Kano da gonakin rani, ambaliya mai ƙarfi kuma ta ragu, sai doguwar ciyawar ruwa da ake kira kacala ta sami gindin zama. Wanda ya bi mashigar Marma zuwa Nguru a kwalekwale zai ga ciyawar ta fi tsayin mutum, ta rufe hagu da dama, matuƙi yana tura gora a wata siririyar hanya da aka sare da adda, a wasu wuraren ma sai an sauka an ja. Ciyawar tana tare laka, lakar tana toshe hanyar ruwa, ruwan sai ya karkata ya kwanta a gonakin wasu ƙauyuka shekara da shekaru, alhali maƙwabtansu da ke kan tsohuwar hanyar suna fama da fari. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, da safe su tashi su afka wa shinkafa da gero.

Hanya ta biyu, ruwan ƙarƙashin ƙasa, ita ce wadda mutane suka zaɓa wa kansu ba tare da jiran kowa ba. Tana da sauri, kuɗinta ba ya kai na dam ko kusa, kuma mai rijiya ba ya jiran wani jami'i ya buɗe masa ƙofa. Amma amfaninta ya dogara da irin ƙasar da aka tsaya a kai, kuma a nan Kano da Jigawa sun bambanta ƙwarai. Birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse, wanda ruwa ba ya taruwa sai a ruɓaɓɓen samansa da tsagoginsa, shi ya sa za a haƙa burtsatse a wannan gida a sami ruwa, a haƙa a na kusa da shi a tashi a tutar babu. Idan unguwa ta cika da rijiyoyi, mai dogon bututu yakan janye na mai gajere, rijiyoyin gargajiya na cikin gida su fara ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. Talaka a ƙarshe yana komawa ga ɗan garuwa, wanda yake turo kura ɗauke da jarkoki masu lita 25 daga burtsatsen wani mai hali, kuma idan aka lissafa, lita ɗaya ta fi tsada a hannunsa fiye da yadda take ga mai famfo a unguwar masu kuɗi. A unguwanni masu cunkoso, inda shadda da rijiya suke maƙwabtaka, ga kuma batun tsabta. Birni mai miliyoyin mutane ba zai rayu a kan wannan dutse da burtsatse ba, iyakarta ta zama abin cike giɓi.

Gabas da Wudil labarin ya sauya, domin ƙasar yashi ce mai zurfi mai riƙe ruwa, kuma a fadama ana samunsa a 'yan mitoci kaɗan. Tun da shirin Fadama na ƙasa ya fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ƙananan rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa suka bazu, suka sauya noman albasa da tattasai da alkama a Jigawa da Yobe. Cire tallafin fetur a 2023 ya tsananta kuɗin mai, manoma da dama suka koma gas ko hasken rana. Na'urar sola tana sauƙaƙa wa aljihu, amma tana da wani lahani da ba a cika faɗa ba, domin mai sayen fetur yana kashe inji da zarar fangali ya cika, shi kuwa mai sola ba abin da yake tuna masa. Abu mafi muhimmanci shi ne, wannan ruwa na ƙasa ambaliyar kogin ce take cika shi kowace shekara. Wanda ya datse kogi a sama ya ce mutanen gangare su koma rijiya, ya rage musu ruwan rijiyar ne tun kafin su haƙa.

Hanya ta uku ba ta da farin jini a wurin masu neman ƙuri'a, domin ba a kafa allo a kan bututun da aka toshe wa yoyo, amma a ganina ita ce ta fi sauran riba nesa ba kusa ba. A ɓangaren birni, gidan ruwan Challawa yana aiki tun farkon shekarun 1930, sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma miliyan 75, amma abin da ke isa gidaje ya gaza abin da aka rubuta a takarda. Dalilan sanannu ne: wutar lantarkin da ba ta tsayawa, injinan turo ruwa da suka tsufa, yashin da ke cike bakin wurin ɗibar ruwa a kogi, bututun da suka ruɓe ko masu aikin titi suka fasa, da unguwanni sababbi da ba a taɓa shimfiɗa musu bututu ba. Yashin nan yana da wata illa ta daban, domin sai an saki ruwa daga dam fiye da abin da matata za ta ɗiba kafin ya taru ya kai bakin injin, rarar kuma ita ce take tafiya ta ciyar da kacala. Ƙara dam a kan irin wannan tsari tamkar ƙara ɗebo ruwa ne ana zubawa a tulu mai yoyo.

A ɓangaren gona ma haka abin yake. Ruwan Tiga yana gangarowa da kansa ta ƙaramin tafkin Ruwan Kanya zuwa babbar magudana ba tare da inji ba, wanda babbar ni'ima ce, amma arhar ta sa ba a tattalinsa. Manomin da ke kusa da bakin ƙofa yakan buɗe ruwa da yamma ya tafi gida, da safe a tarar ya cika fangali ya tsallake kunya ya kwanta a hanya, gonarsa ta jiƙe har gishiri ya fara fitowa fari-fari a samanta. Na ƙarshen layi kuma, wanda suke biyan kuɗin ruwa ɗaya, yana kwana a bakin magudanar da ciyawa da laka suka cike, daga bisani ya yi hayar inji ya ja daga magudanar da ke kwashe rarar ruwa. Shirin inganta noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, na kusan dala miliyan 500, ya gyara magudanai a Kano da kwarin Haɗeja da Bakolori, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su karɓi kuɗi su riƙa yashe ƙananan magudanai da kansu. Ɗorewar wannan ita ce abin dubawa, tunda siminti yakan fi ƙungiya tsawon rai. Akwai kuma abin da manomi zai yi da hannunsa. Shayar da shinkafa ta hanyar barin fangali ya tsane na 'yan kwanaki kafin a sake cika shi yana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba, matuƙar ba a bar ta da ƙishi lokacin fitar da kai ba. Alkamar da aka shuka a kan kari, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, tana cin moriyar sanyin hunturu kuma ruwan da take sha bai kai na shinkafar bazara ba.

Raunin wannan hanya shi ne ta fi sauran buƙatar haɗin kai da riƙon amana. Sakin ruwa mai yawa a Agusta domin a kwaikwayi ambaliya, da rage shi a wani ɓangare na rani domin kacala ta bushe, yana nufin wani a sama zai haƙura da wani abu, kuma dole a sanar da ƙauyukan Ringim da Auyo da Haɗeja tun da wuri, domin sun sha ganin ambaliyar da ta cinye gidaje da gonaki. Dam ɗin na tarayya ne, gidan ruwa na jiha ne, fadamar kuma tana cikin wasu jihohi biyu. An kafa asusun amana na wannan kwari a 2006, wanda ya haɗa Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, amma zama a teburi ɗaya bai zama rabon da kowa yake gani a rubuce yana bi ba.

Idan aka jera su, gyara da sake tsarin rabo shi ya kamata ya ci kason farko na kuɗi, domin shi kaɗai ne yake ƙara wa birni da gona da fadama a lokaci guda. Rijiyoyi su zo na biyu, a ƙarfafa su a fadamun Jigawa da Yobe inda ƙasa take da ruwa, tare da auna zurfinsa kowace shekara, a cikin birnin Kano kuma a sa musu ƙa'ida maimakon a mai da su manufa. Kafin Zaki ya zo a ƙarshe, kuma idan har za a gina shi, to a ƙayyade faɗin gonakin da zai shayar daidai da abin da kogin zai iya bayarwa a shekarar fari, a yi masa ƙofofi masu girman da za su iya sakin ambaliya ta gaske a damina, a kuma rubuta kason Yobe da Borno kafin a zuba buhun siminti na farko. Manoman tattasan Diffa ta Nijar ma suna cikin lissafin, tunda Komadugu Yobe ce iyakar ƙasashen biyu a wannan yanki, kuma Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci.